Ranar da Na Shafa wa Layin Dogo Man Gyaɗa

Gara in faɗa da bakina tun wani bai riga ni ba: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Duk unguwarmu ta Mafoni Injiniya ake kirana, yaran yanzu kuwa sun ɗauka shekarun da na kwashe ina gyaran keke a bakin titi ne suka jawo mini sunan, ni ma ban taɓa gyara musu zance ba. Amma sunan ya girmi sana'ar. Na samo shi ne ranar wata Talata da hantsi, a daminar farko bayan layin dogo ya iso Yerwa, wato Maiduguri, ina ɗan shekara tara ko goma. Ina tsaye cikin yayyafi da gajeren wando, da kwalba biyu wayam a hammata, ina kallon kan jirgi mai cin kwal yana ta wulwula ƙafafunsa a wuri ɗaya kamar akuyar da ta hau jiƙaƙƙen siminti. Shanu na kuka a cikin taragu, fatake na zage-zage da harshe uku, ni kuwa ina ta washe baki ina jiran a zo a gode mini.

A lokacin muna zaune ne a wata 'yar ƙaramar tasha da ke kan hanyar jirgi kafin a shigo Maiduguri, wadda in ka yi gyangyaɗi a cikin tarago za ka wuce ta ba ka sani ba. Ba abin da ke wurin sai ofishin shugaban tasha, wanda kowa ke kira Masta, da wani dogon tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe, da turken lodin shanu, da ɗakuna shida na kwano a jere inda iyalan lebura ke zaune. Ɗaki na uku shi ne namu. Babana leburan dogo ne, an yanka masa yankinsa tun daga tasha har bayan kwalbati, kullum da sassafe zai saɓa doguwar guduma da sifana ya bi layin a ƙasa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare, in ya ji noti ya yi sako-sako ya ɗaure. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma da shi muka bar zaman haya a cikin gari, kuma ɗakin da muke kwana ma na aikin ne. Duk ranar da aiki ya tafi, rufin kanmu zai bi shi. Iya, mahaifiyata, ita kuma gyaɗa ce sana'arta. Ta soya ta a babban kasko cikin rairayi mai laushi, wanda ta tankaɗe da rariya take ajiyewa a tulu a ƙuryar ɗaki don kada danshi ya taɓa shi, sannan ta kai sauran ga turmi, ta matse mai, ta yi ƙuli. Yayata Ya Falmata ce ke ɗora tire a ka in jirgi ya tsaya, tana bin tagogi.

Mu yara kuwa rayuwarmu duk a jikin ƙarfen nan take. Makarantarmu a ƙauyen da ke kusa take, ƙarƙashin dalbejiya, kuma ba ƙararrawa ce ke tashinmu ba, kukan jirgi ne. Malam na tsakiyar koya mana biyu sau biyu, da an ji usur daga nesa sai ka ga rabin aji ya kama ciwon ciki. A nan karatuna ya tsaya a aji huɗu, kuma har gobe ba na ɗora wa malam laifi. In an tashi mu je korar tsuntsaye a gonar gero, ko jan guga a rijiya, in an samu sarari mu kwanta mu kafa kunne a jikin dogo mu ji ko jirgi ya taso. Mukan jera ƙusa a kan ƙarfen, jirgi ya bi ta kai ya baje ta, mu ɗaure mata ƙota da tsumma ta zama wuƙa. Mukan ƙera jirgin kara mu ja da zare, wanda ya fi kowa iya kukan tururi shi ne direba, kuma ba don yabon kai ba, ba a taɓa kayar da ni a wannan kujera ba. In jirgi na gaske ya tsaya shan ruwa, mata su fito da bokitai, mai zuba kwal ya buɗe musu wani ɗan famfo a gefen injin su tari ruwan zafi na wanki, mu kuma mu bi ƙasa muna tsintar gutsattsarin kwal da ya zube don a zuba a dutsen guga.

Direban da ya fi zuwa mana wani mutumin Kudu ne, Oga Fita, gajere kakkaura, da tsumma kullum a wuya, Hausarsa kamar an kwance keke an mayar ba daidai ba, amma tana tafiya. Burina a duniya guda ɗaya ne tak: ya ɗora ni a kan injin in ja igiyar usur ɗin nan da hannuna, duk ƙauye su ji. Na roƙe shi ya fi sau ashirin. Kullum amsa ɗaya ce, wai sai ranar da na yi wa jirgi wani amfani. To, mutumin Borno ba a yi masa irin wannan magana a wuce. Na ƙudura a raina sai na yi wa jirgin nan amfanin da za a daɗe ana labari. An kuwa daɗe.

Ga yadda ilimin ya zo mini. Da jirgi ya bar tanki, akwai wata 'yar kwana inda layi ke ɗan haurawa kafin ya tsallake kwalbati. Duk lokacin da ya zo nan sai ƙafafunsa su riƙa wani irin ƙara mai tsinka haƙori, ƙiiii, har karnuka su amsa. Ni kuwa na zauna na yi nazari irin na manyan masana. Ƙyauren ɗakinmu in ya yi ƙara, Iya ta ɗiga masa mai, ya yi shiru. Keken Masta in sarƙarsa ta yi ƙara, a ɗiga mai, ta yi shiru. Baba da kansa yana da ɗan gwangwanin mai da yake shafa wa notuna da wurin da ake sauya wa jirgi layi. Ashe ke nan duk waɗannan manya, da Turawan da suka shimfiɗa dogon, da Masta mai biro uku a aljihu, ba wanda ya lura cewa jirgin nan kukan rashin mai yake yi. Sai ni, Modu ɗan aji uku. Na yi kwana biyu ina ɗauke da wannan sirri, har tausayin mutane nake ji.

Ranar Talatar, an kwana ana ruwa, gari ya waye da yayyafi. Baba ya fita duban layi can wajen gabas, Iya ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, Ya Falmata na wanke-wanke ta ba ni baya. Na rataya jakar makaranta kamar yaron kirki, na zura hannu bayan tulu na zaro kwalba biyu na man da Iya ta matse jiya da gumin goshinta, na yage gefen wani tsohon zane, na nufi kwana. Kada wani ya ce na yi aikin ganin ido. Durƙusawa na yi, na bi ƙarfen dama taku hamsin ina shafawa, na dawo ta na hagu, ba inda na tsallake, inda ya sha na ƙara masa. Ruwan sama kuma ya taya ni baza shi har inda hannuna bai kai ba. Da na gama na tsaya na duba, dogo na ta ƙyalli kamar goshin amarya, na ce a raina yau Oga Fita zai san da wa yake magana.

Jirgin ranar na shanu ne, taragu cike maƙil, za a yi Kudu da su. Ya sha ruwa, Masta ya ɗaga koriyar tuta, aka busa usur, ya taso da nishi, fuf, fuf, fuf, har ya iso aikina. Wallahi ƙarar nan ta ɗauke ɗif, wannan kam ko a gaban alƙali zan faɗa. Sai dai jirgin ma ya ɗauke. Manyan ƙafafun suka kama juyawa da gudun da ban taɓa gani ba, hayaƙi ya turnuƙe sama, tartsatsi na tashi, amma ko taku ɗaya bai ci ba. Ni a lokacin murna nake, ina cewa ka ga gudu. Oga Fita ya rage wuta, ya ja da baya, ya sake tasowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. A nan na fara sanin abin da ban sani ba: ashe kowane kan jirgi yana da akwatin yashi a gadon bayansa, da 'yan bututu da ke zubo yashin a gaban ƙafafu in ƙarfe ya yi santsi. Oga Fita ya ja marikin yashi, ko ƙwaya ba ta sauko ba, damina ta jiƙa shi ya dunƙule ya toshe bututun. Aka duba ƙasa, duk inda ka taɓa caɓi ne. Mai zuba kwal ya ɗebo toka daga cikin injin ya watsa a kan dogo. To, toka da mai da ruwa, kowace tsohuwa a Borno ta san abin da suke haifarwa. Santsi ya ƙaru.

Masta ya iso da laima, ya sunkuya ya shafi ƙarfe, ya kai yatsa hanci. Daidai nan Baba ya dawo a guje da gudumarsa. Masta bai tambayi kowa komai ba, ya nuna gwangwanin man da ke rataye a ƙugun Baba, ya ce yankin wa ne nan, wa kuma ke yawo da mai a kan layi in ba shi ba. Ya ce in jirgin nan bai bar wurin ba kafin azahar, dole ya buga waya Yerwa ya faɗi dalili, kuma sunan da zai faɗa guda ɗaya ne. Fataken shanu suka yi caa, don saniya ɗaya ta riga ta durƙushe a tarago, sauran na tattake ta. Na dubi Baba. Mutumin da ban taɓa ganin ya rusuna wa kowa ba in ba a salla ba, ga shi ya cire hula yana murza ta a hannu, yana rantsuwa, ba mai sauraronsa. Sai a lokacin murmushina ya gudu. Na ga ɗakinmu na uku, na ga tulun Iya da tabarmarmu a waje cikin ruwa. Na fito daga bayan ciyawa da kwalabena, na ce da ƙarfi, ni ne na shafa, kuma don in taimaka ne.

Kowa ya juyo gare ni, har shanun kamar sun saurara. Oga Fita ya leƙo daga sama ya dube ni, ya dubi kwalaben, ya ce, "Kai! Injiniya ya zo!" Wani bafatake ya ce a ba shi ni minti biyu kawai. Masta kuwa ko gezau, ya ce ɗan lebura da lebura duk ɗaya ne a takarda, azahar dai azahar ce. Baba ya mayar da hularsa ya juya mini baya. Da ma ya mare ni, da na fi jin daɗi.

Iya ce ta raba gardamar, ita da ba ta san ko harafi ɗaya ba. Ta iso da mayafi a ka, Ya Falmata na biye, ta ji ana ta cewa busasshen yashi, busasshen yashi, ina za a samu busasshen yashi a tsakiyar damina. Ta dubi kwalabenta a hannuna, kallon da har yau in na tuna sai na gyara zama, sannan ta juya ta koma gida. Can sai ga ta da tulun rairayin suyar gyaɗarta a ka. Oga Fita ya sauko ya damƙi rairayin, ya sake shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa kamar gishiri, ya ce wannan ya fi na kamfani. Amma tulu ɗaya ba zai rufe taku hamsin sau biyu ba, balle inda ruwa ya kai man. Iya ta ɗaga murya ta kira matan ɗakunan nan shida da sunayensu, har da mai jegon. Kafin a jima an hura murhu biyar a ƙarƙashin rumfar tasha, da itace da kwal ɗin da mai zuba kwal ya riƙa watso mana da shebur. Aka kafa kasake, maza na kwaso jiƙaƙƙen yashi daga bakin kwalbati, mata na soya shi kamar gyaɗa suna juyawa da ludayi har ya bushe ya yi fari, Ya Falmata na tankaɗewa da rariya.

Jigila kuwa tawa ce, ba wanda ya sa ni, kuma da wani yaro ya miƙo hannu zai taya ni sai da na ture shi. Na riƙa cika kwano da yashi mai zafi ina rugawa da shi kwana, in zube wa Baba in dawo. Kwanon na ƙona mini tafi, na naɗe hannu da rigata na ci gaba. Na faɗi sau biyu a caɓi, na tashi. Baba da sauran lebura suna goge dogo da buhun gyaɗa, ni ina bin bayansu a durƙushe ina barbaɗa yashi, a kan ƙarfen da na bi ɗazu da tsumma, taku bayan taku. Yayyafi ya ɗauke, rana ta leƙo, idona na kan inuwar tanki, don na san in ta dawo ƙarƙashinsa azahar ta yi. Ban san sau nawa na yi zirga-zirgar nan ba. Na dai san ban tsaya shan ruwa ba, kuma na yi wa Allah alkawura a ranar waɗanda har yau ban gama cikawa ba.

Ladan na gyaran murya a ƙauye Oga Fita ya koma da jirgin baya har tanki, ya taso a hankali. Da ƙafafun suka hau yashi sai muka ji ƙurus, ƙurus, kamar ana niƙa tsakuwa. Suka zame sau ɗaya, sannan suka kama. Tarago na farko ya wuce ni, na biyu ya wuce, ƙarar nan mai tsinka haƙori ta dawo, ƙiiii, kuma ban taɓa jin kiɗan da ya kai ta daɗi ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Masta ya duba agogo, ya dubi Baba, ya naɗe laimarsa ya koma ofis. Daga baya muka ji abin da ya rubuta a littafinsa shi ne ruwan sama ya jinkirta jirgi, wanda kuma ba ƙarya ba ne, an yi ruwan.

Duka dai na sha, amma a hannun Iya, kuma na man ne, ba na jirgi ba. Baba da yamma ya zaunar da ni ya ce, "Mai na gefen ƙarfe ne da noti, ba na sama ba. Abu biyu in za su yi tafiya tare, sai da ɗan kaushi a tsakaninsu." Sannan ya yanke mini hukunci: har ƙarshen damina, duk ranar jirgi, ni zan soya yashi in tankaɗe in kai wa injin bokiti guda. Na yi, ban tsallake ko sau ɗaya ba, har na wuce damina na shiga kaka ba wanda ya ce in ci gaba. Oga Fita ya ce in na cika shekara zai ba ni igiyar usur. Saura 'yan watanni aka shiga hargitsin da ya sa mutanen Kudu da yawa suka tattara suka koma gida, shi ma wata rana jirgi ya zo da wani direban. Ban sake jin ɗuriyarsa ba. Bayan wasu shekaru injin mai shan man dizal ya kori mai kwal, shi kuwa ƙahonsa maɓalli ne ake dannawa, ba igiya. Har yau ban ja usur ɗin nan ba.

Yanzu in na bi ta wajen layin dogo a Keke Napep, sai in ga ciyawa ta rufe ƙarfen, awaki na kwance a kai, masu tumatir sun kafa tebur a tsakiyarsa. Jikokina ba wanda ya taɓa kafa kunne a jikin ƙarfe ya ji abu na zuwa daga nesa, nasu duk a cikin waya yake zuwa. Wani lokaci nakan sa a tsaya, in sauka in shafi dogon, ya yi tsatsa, ya yi kaushin da Baba ke so, amma babu abin da zai bi ta kai. A da ƙararsa ce ta dame ni, yau shirunsa ne.

Watan jiya aka yi sunan tattaɓa-kunnen Ya Falmata a unguwar Bolori. Bayan an ci an sha, yara suka kewaye ni, na gyara hula na ba su labarin tun daga kwalba har guɗa. Na rufe da cewa su dube ni da kyau, don duk faɗin Borno ba a taɓa yin mutumin da ya tsayar da jirgin ƙasa shi kaɗai da kwalba biyu ba sai kakansu. Ya Falmata na gefe a kan tabarma, ta doshi tamanin, na ɗauka barci take. Ko ido ba ta buɗe ba ta ce, "Modu, shi jirgin da aka zuba masa yashi ya wuce tun kafin azahar. Kai ne shekara sittin kana wulwula ƙafa a wuri ɗaya. Yara, wa ke da rairayi a kusa? A zo a barbaɗa wa bakin nan."